Darasi na 14: Kwabon da Bayansa Ya Karkace

A gidaje da yawa na Jushi da Samaru da Sabon Gari a Zariya akwai wata tsohuwar adaka, ko gwangwanin madara da aka tura ƙarƙashin gado aka manta, cike da kuɗin da ba ya sayen ko ashana. Kwabo mai huji, taro mai kusurwa goma sha biyu, sisi, sule, da kobo ashirin da biyar mai hoton dalar gyaɗa. Mai kayan miya a kasuwar Sabon Gari ba za ta karɓe su ba. Ko naira biyun ƙarfe da Babban Bankin Najeriya ya fitar ran 28 ga Fabrairu 2007, in aka miƙa wa mai Keke Napep a bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, dariya kawai zai yi ya nemi takarda.

Duk da haka akwai mutane a Ingila da Amurka da Indiya da sauran ƙasashe waɗanda tara irin waɗannan sulalla ne abin sha'awarsu. Wasu shekara suke bi, wasu sarakuna, wasu ƙasashe. Akwai kuma wani rukuni da ba ruwansa da lafiyayyen kuɗi, mai aibi yake nema, wanda gidan buga kuɗi ya yi kuskure a kansa ya kuma kuɓuce wa masu dubawa ya shigo kasuwa. Cikin waɗannan kurakurai, wanda ya fi sauƙin ganewa ga mai ido da haƙuri shi ne karkacewar baya: fuskar kuɗin na tsaye daidai, amma da an juya shi sai a tarar hoton bayan ya kwanta, ko ya jirkice, ko ma ya yi adungure kansa na ƙasa.

Juyin littafi da juyin kalanda

A wani ajin yamma na manya a Jushi, malamin ya ce kowa ya zo da tsohon kuɗin ƙarfen da ya samu a gida. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya zo da nasa ƙulle a bakin hankici, ya zazzage su a kan benci.

"Baba, ɗauki kwabon nan da yatsu biyu," in ji malamin, "manuni a sama, babban yatsa a ƙasa, kambin sarauta na kallon rufi. To, juya shi kamar kana buɗe shafin littafi."

Dattijon ya juya. Shekarar da ke baya ta fito a ƙasa, zaune daram inda ya kamata. Ya gwada sule, ya gwada kobo goma mai bishiyar kwakwa, duk haka. Can sai ya ɗauko wani ɗan rawayan kuɗi mai kan barewa, ya juya, ya ɗaga murya: "Malam, ga shi na samu! Wannan kansa a ƙasa yake!"

"Baba, wannan lafiyarsa ƙalau. Dalar sefa ce, ta Nijar. Haka ake buga ta."

A nan yawancin sababbin shiga ke tuntuɓe. Ƙasashen duniya ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba. Kuɗin Najeriya, da na zamanin Turawa da ya gabace shi, da na Ingila na yanzu, da yuro, ana buga su ne fuska da baya suna kallon sama tare. In aka juya su daga dama zuwa hagu, hoton bayan zai fito a tsaye. A wannan darasi za a kira shi juyin littafi. Kuɗin Amurka kuwa, da tsohon faran na Faransa, da ƙananan sulallan sefa da ake kashewa a Maraɗi da Damagaram, an saita su ne kai da ƙafa. Sai an riƙe su ta gefe biyu an kifa su daga ƙasa zuwa sama, yadda ake ɗaga shafin kalandar bango, kafin bayan ya fito daidai. Wannan shi ne juyin kalanda. Bazazzagin da ke da dangi ko abokan ciniki a Nijar, ba wuya a sami iri biyun a gwangwaninsa, don haka kafin ya ce ya ga kuskure, sai ya fara tambayar kansa kuɗin wace ƙasa ne a hannunsa.

Yadda abin ke faruwa a cikin inji

Wanda ya taɓa ganin an danna hatimi a kan takarda a ofis ya riga ya fahimci rabin aikin. Kuɗin ƙarfe hatimi biyu ake buga masa lokaci guda, dukansu na baƙin ƙarfe mai tauri, an sassaƙa zanen a jikinsu a juye. Ɗaya na zaune a ƙasa kamar uwar maƙera, ɗaya na saukowa daga sama kamar masaba. Tsakaninsu ake jefa ɗan faifan ƙarfe wanda ba komai a jikinsa, wata ƙawanya ta riƙe shi ta gefe don kada ya baje. Bugu ɗaya, fuska da baya sun fito. Injinan zamani na gidan buga kuɗin Amurka kan buga sulalla 750 a minti guda.

Kowane hatimi ana ɗaure shi a mazauninsa da noti, a kuma fafe gefe ɗaya na gindinsa ko a yi masa ɗan haƙori don kada ya samu damar juyawa. Amma ƙarfe na dukan ƙarfe dare da rana, kuma mai ɗaurawar ɗan Adam ne.

Kuskuren hanya biyu yake zuwa. Wani lokaci makanikin ne ya ɗaura hatimin a karkace tun farko, ya tamke noti, inji ya kama aiki. Duk sulallan da suka fito kafin a farga za su karkace daidai wa daida, kamar ɗinkin tela ɗaya. Wani lokacin kuma an ɗaura shi daidai, girgiza ce ta sassauta notin, hatimin ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. A nan sai a sami sulalla masu shekara ɗaya, daga inji ɗaya, wannan ya ɗan jirkice, wancan ya kwanta, na gaba ya kife. Mai tarawa da ya jera biyar ko shida irin waɗannan a kan tebur, tamkar yana kallon notin ne yana kwancewa a gabansa, ko da abin ya faru shekara tamanin da suka wuce a wata masana'anta da bai taɓa gani ba. Wannan ne daɗin abin, ya kuma fi zancen farashi da ake yawan cika baki da shi.

Ba kowane tsohon kuɗi ne wannan doka ta hau kansa ba. Dinari da dirhamin da ɗalibai ke ji a karatun zakka, irin dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, da hannu aka yi su: maƙeri ya riƙe hatimin sama yadda ya zo masa, ya sauke guduma. Bayansu na iya fuskantar ko'ina, kuma ba wanda zai ce an yi kuskure.

Awo da agogo

Masu tara kuɗi da digiri suke auna karkacewa, amma na Indiya sun fi son faɗinta da fuskar agogo, kuma hanyarsu ta fi sauƙi a aji. Da'ira digiri 360 ce, agogo kuma awa 12, saboda haka kowace awa digiri 30 ke nan. A tsayar da fuskar kuɗin samanta na kan 12, a juya shi bisa tsarin ƙasarsa, a duba inda saman hoton baya ya nuna. In ya nuna ƙarfe 1, digiri 30 ne. Ƙarfe 3, digiri 90. Ƙarfe 6, digiri 180, wato ya kife sarai. Abin da ya wuce 6 ta ɗaya ɓangaren ake ƙirga shi, don haka ƙarfe 9 digiri 90 ne ta hagu.

'Yar jirkicewa kaɗan ba abin a zo a gani ba ce, kusan kowane tsohon inji na yin ta. Galibin masu tarawa ba sa ɗaga kai su dubi abin da bai kai digiri 15 ba, wato inda gajeren hannun agogo ke tsayawa da sha biyu da rabi. Daga ƙarfe 3 zuwa 6 ne ido ke buɗewa.

Hannu na yaudara. Mutum kan murɗa kuɗin kaɗan yana juyawa bai sani ba, ya ƙirƙiro wa kansa kuskuren da babu shi. Maganin wannan shi ne madubi: a riƙe kuɗin a tsaye a gabansa, fuska na kallon mai riƙewa, a leƙa bayan a cikin gilashi. Hoton waya guda ɗaya da ya kama fuskar da kuma bayan a madubi shi ne shaidar da masu wannan harka suka fi yarda da ita, sai dai a tuna madubi na mayar da dama hagu.

Kwabo mai huji yana da nasa tarkon. Tauraron da ke bayansa tsini shida gare shi, tsakanin kowane tsini da na kusa da shi awa biyu cif. Ko hatimin ya zame da digiri 60, ko 120, ko 180, tauraron zai fito kamar ba abin da ya same shi. Mai dubawa ya rabu da tauraro, ya nemi shekarar: in kambi na sama a fuska, wajibi ne shekara ta zauna a ƙasa a baya.

Kuɗin da jirgi ya kawo

Kafin Turawa, wuri ne kuɗin Zazzau, kalmar kuɗi ma kanta jam'in wuri ce. Manyan fatake kuma sun san liyari, azurfar nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa wadda ake ta bugawa da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga ta. Kwabo da anini na farko shekarar 1907 ke jikinsu, zamanin Sarki Edward na 7, da rubutun Larabci a ƙarƙashin hujin don masu karatun allo su gane darajarsu. Aninin 1907 da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, amma bai jure gumi da damina ba, sai aka sauya masa ƙarfe a 1908.

Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, Sabon Gari kuma ya tsiro a gefen tasha. Da sulalla ake biyan leburorin reluwe, da su kamfanonin auduga da gyaɗa ke sayen amfanin gona, da su kuma gwamnati ke son a biya haraji. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, a 1913 sule da sisi da taro na azurfa suka shigo. Sunayen suka zauna a baki har suka fi kuɗin kansu daɗewa: har gobe ana cewa "ba ni da ko anini", ko "bai ba ni ko sisin kwabo ba". Jaridar da Abubakar Imam ya yi wa edita a nan Zariya tun daga Janairun 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, kwabo guda ake sayar da ita.

Ba a gida ɗaya aka buga waɗannan kuɗi ba. Gidan buga kuɗin Sarkin Ingila kan raba aikin ga kamfanoni, kowanne kuma ya bar alamarsa, ɗan ƙaramin harafi da sai an ƙura ido. H na nufin kamfanin Heaton na Birmingham, KN na nufin King's Norton, shi ma a Birmingham, SA kuma Pretoria ta Afirka ta Kudu. Wanda ba shi da harafi, na Landan ne. Mai tarawa kan rubuta harafin tare da shekara, domin karkataccen kwabon H da karkataccen kwabon KN injina biyu ne daban.

Kuma waɗannan gidaje sun yi wa kuɗinmu kurakuran da suka fi karkacewa girma, suna nan a rubuce cikin kundayen masu tarawa. A 1936 Edward na 8 ya hau gadon Ingila, ya sauka a watan Disamba na shekarar, kafin kuɗi mai hotonsa ya shiga hannun jama'a a ƙasarsa. Kwabonmu kuwa ba ya buƙatar hoto, huji ne a tsakiyarsa, suna kawai ake sauyawa, sai aka buga miliyoyi da sunansa. Shi ya sa kwabon Edward na 8 ba wuyar samu gare shi ba, duk da labaran da ake bazawa. Mai wuyar shi ne wanda kamfanin Heaton ya haɗa wa hatimin fuska na kuɗin Afirka ta Gabas da hatimin baya na namu a wannan shekara. An sake irin haka a 1945, lokacin da tsohon hatimin Edward na 8 ya koma inji shekara tara bayan saukarsa, sannan a 1956 kwabo ya fito da sunan Sarki George na 6, wanda ya rasu tun 1952. Turawa alfadari suke kiran irin wannan kuɗi, uwa daban uba daban. Gidan da zai iya ɗauko hatimin wata ƙasa ya ɗaura, barin noti a sake ba zai gagare shi ba.

Daga 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Najeriya ya karɓi ragama da sulallan Tarayya: auduga a taro, koko a sisi, gyaɗa a sule biyu. Naira da kobo suka zo ran 1 ga Janairu 1973, sule ya koma kobo goma. Duk waɗannan juyin littafi ne.

Me ake samu a ciki?

Misali biyu daga waje sun isa. A 1989 gidan buga kuɗin Denver ya fitar da dalar azurfa ta cikar Majalisar Dokokin Amurka shekara 200, sai aka tarar wasu sun fito da juyin littafi maimakon na kalanda, digiri 180 cif, masu tarawa suka yi musu caa. A Ingila kuma, fam biyu na 2015 mai hoton Britannia guda 650,000 kacal aka buga, aka gano a wasunsu kan Sarauniya ya karkace da kimanin digiri 150, ƙarfe biyar ke nan a agogon aji. Gidan buga kuɗin ya amsa cewa alamu sun nuna hatimi ne ya kwance ya juya ana tsakiyar aiki. Mutane suka dinga zazzage aljihu, waɗanda suka dace suka sayar da nasu fiye da fam biyun da ke rubuce a jiki.

Abu huɗu ke yanke farashi: girman karkacewar, lafiyar kuɗin, ƙarancinsa, da samun mai so. Na huɗun ne ya fi wuya a Zariya, inda masu wannan sha'awa ba su da yawa. Wanda ya shiga harkar don ya gina gida, ya fi masa ya je ya sari masara a Giwa. Haka kuma duk wanda ya kira waya ya ce kwabo mai huji na da wani sinadari a ciki da Turawa ke saye da miliyoyi, amma sai an fara biyan kuɗin gwaji, ɗan damfara ne. Tagulla ce a cikin kwabon, wani kuma haɗe da nikel, ba wani abu.

Akwai kuma jabu. Ana rarake kuɗi ɗaya, a fafe wani, a cusa shi ciki a karkace. Irin wannan yakan bar siririn layi a kusa da baki, kuma in aka sake shi a kan siminti ƙararsa a dushe take fita, ba ta yin tsiririn amon lafiyayyen sule. Naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay da naira biyu mai ginin Majalisar Tarayya, masu shekarar 2006 a jiki, ƙarfe biyu ne, ƙwaya da zobe. Mai wayo na iya fitar da ƙwayar ya murɗa ya mayar, amma sai zanen ƙwaya da na zobe su saɓa a fuska ɗaya. A karkacewa ta gaskiya fuskar gaba ɗayanta daidai take da kanta, da bayan ne kawai suka saɓa. Mai irin wannan wasa ya sani sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun, ga mai lalata kuɗin da bankin ya fitar.

Babbar ɓarnar ma ba 'yan jabu ke yin ta ba, masu tsafta ne. Uwargida ta ga kwabo ya yi baƙi, ta sa toka da lemon tsami ta dirje shi har ya yi ƙyalli kamar sabon faranti. A idon mai tarawa ta kankare rabin darajarsa, domin duhun nan da shekaru suka shafa masa shi ne shaidar ba a taɓa shi ba. A riƙe shi ta baki, a naɗe kowanne a 'yar takarda shi kaɗai, a ajiye inda laima ba ta kaiwa.

Aikin aji

Kowane ɗalibi zai zo da sulalla goma, da madubi, ya zana fuskar agogo a bayan kwali. A littafinsa zai ja layi biyar: sunan kuɗi, ƙasa, shekara, harafin gidan bugu in akwai, da ƙarfen da bayan ya nuna. Zai ware na juyin kalanda gefe guda kafin ya fara awo, sannan ya mayar da kowane ƙarfe zuwa digiri: ƙarfe 2 nawa ne, ƙarfe 4 nawa, ƙarfe 10 nawa kuma ta wane ɓangare.

Dattijon nan na Jushi kwabo talatin da ɗaya ya auna a zama biyu. Talatin sun tsaya a kan 12. Na ƙarshen, mai harafin KN, shekararsa ta ɗan gusa, bai ma kai sha biyu da rabi ba.

"Malam, wannan fa?"

"Bai kai ba, Baba. Amma rubuta shi."

Ya gyara zaman tabarau, ya jiƙa bakin fensir, ya rubuta.